Koyon karatu da rubutu irin na jami'a ta hanyar tarihin duniya: me za a karanta, me za a rubuta?

Rukayya:
Assalamu alaikum, malamaina. Don Allah shawara nake nema. Ɗalibin da zai shiga shekarar farko a jami'a, yana iya karanta labari ya gane, amma da an ce ya rubuta maƙala mai shafi huɗu sai ya tsaya cak, ta ina zai fara? Ana cewa tarihin duniya da adabi da falsafa sun fi komai saurin horar da mutum a wannan fanni. To me zai karanta, kuma wane irin rubutu zai riƙa yi? Saura kamar mako 12 a fara lakca.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Rukayya. Kada ya ɗauko ƙaton littafin tarihin duniya mai shafi 800 da niyyar cinye shi daga bango zuwa bango. Kafin babi na huɗu zai gaji, kuma abin da zai tsira da shi haddar sunayen sarakuna ne kawai. Abin da ke koya wa mutum karatun jami'a shi ne gajeren rubutu na mutanen zamanin da kansu, shafi biyu zuwa biyar, a karanta shi sau uku.

Ya fara da dokokin Hammurabi, sarkin Babila da ya yi mulki wajen 1792 zuwa 1750 kafin Miladiyya. An tono dutsen da aka sassaƙa su a kai a Susa ta ƙasar Iran a 1901, yanzu yana gidan tarihi na Louvre, fassarar kuma tana intanet kyauta. Dokokin kusan 282 ne, amma shida sun ishe shi: 196 zuwa 199, sai 229 da 230.

Karatun farko ba alƙalami a hannu. Ya bi daga farko har ƙarshe, ko da akwai abin da bai gane ba. Karatu na biyu da fensir: a gefen kowane sakin layi ya rubuta kalmomin da ba su wuce shida ba, yana faɗin aikin da wurin yake yi, misali "yana kafa hukunci", "yana kawo togaciya", "yana yabon kansa". A nan ne zai buɗe ƙamus, kuma kalma biyar kawai a shafi, waɗanda ma'anar jimla ta rataya a kansu. Wanda ke tsayawa a kan kowace baƙuwar kalma zai kai ƙarshen shafi ya manta farkonsa. Karatu na uku yana ɗauke da tambaya huɗu: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me yake so a yarda da shi, me ya yi shiru a kai.

Daga nan ya rufe takardar ruf, ya rubuta taƙaitawa ta kalma 100. Rufewar dole ce. Idan takardar na buɗe, ido zai riƙa satar jimlolin marubucin, sai ɗalibi ya ɗauka ya fahimta alhali kwafa ya yi. Abin nan kuma na ja wa rabin shafi layi da alƙalami mai launi, a bar shi. Ba ya tilasta wa kai yin komai.

Dakta Asma'u:
Na yarda da Malam Habibu. Bari in ɗora daga inda ya tsaya, don taƙaitawa ba ita ce maƙala ba, kuma a daidai wannan gaɓa ɗaliban shekarar farko suka fi asarar maki.

Maƙalar jami'a tana tsayawa ne a kan da'awa guda, wato jimlar da mai hankali zai iya cewa "ban yarda ba". "Dokokin Hammurabi suna da muhimmanci a tarihin duniya" ba da'awa ba ce, babu mai musu a kai, don haka babu abin da za a kafa wa hujja. Amma dubi abin da dokokin nan shida suka ce. Ta 196: wanda ya lalata idon mutum mai daraja, a lalata nasa. Ta 198: idan idon talaka ne, ya biya azurfa. Ta 199: idan na bawa ne, ya biya rabin kuɗin bawan. Ta 229: magini ya gina gida, gidan ya rushe ya kashe mai shi, a kashe maginin. Ta 230: idan ɗan mai gidan ne ya mutu, ɗan maginin za a kashe. Yanzu ɗalibi na iya rubuta: "A dokokin Hammurabi, hukunci ba ya bin girman laifi kaɗai, yana bin matsayin wanda aka yi wa laifin." Wannan jimla tana da abin karewa.

Sakin layin da zai kare ta ya zo haka: jimla ɗaya ta da'awa, sai hujja daga rubutun da lambar dokar, sai jimla biyu ko uku na bayanin yadda hujjar ta tabbatar da da'awar. Wannan na ukun shi ake tsallakewa. Ɗalibi zai jefo ambato ya wuce, yana zaton ambaton zai yi magana da kansa. Ba zai yi ba. Bayanin ya kamata ya fi ambaton tsawo, ninki biyu ma.

Sai a kula da fi'ili. A rubuta "dokar ta ce", kada a rubuta "mutanen Babila suna yin kaza". Dutsen abin da sarki ya so a gani ne, yana da gabatarwa da rufewa cike da kirarin adalcinsa, kuma takardun shari'a na zamanin da aka tono ba safai suke ambaton sa ba. Tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka aikata akwai tazara, kuma malamin da ke duba takarda yana neman ya ga ko ɗalibi ya san da ita.

Nasiru:
Malam Habibu, Allah ya gafarta, ina da ja a wuri ɗaya. Yaron da bai san ko Babila ta riga Rum ba, idan aka miƙa masa dokoki shida tsirara zai yi ta shaci-faɗi ne. Kafin kowane rubutu ya kamata ya karanta shafi goma daga babban littafin nan da ka ce a ajiye, babin da ya shafi wurin kawai. Sannan ya manna takarda biyu ya ja dogon layi na shekaru, duk abin da ya karanta ya sa shi a gurbinsa, ya kuma nemo garin a taswira. Minti ashirin ne. A kan layin ne zai gani da idonsa cewa kafin Miladiyya lissafi baya yake tafiya, 1792 ta riga 1750, kuma ƙarni na 14 yana nufin 1301 zuwa 1400. Kurakuran nan biyu suna yawan fitowa a takardun jarrabawa.

Malam Habibu:
Gaskiyarka, Nasiru. Sai dai ya zo bayan karatun farko, kafin na biyu. Idan ya fara da littafin, zai shiga rubutun da amsar wani a kansa, ba zai ga abin da ya ba shi mamaki ba. Mamakin nan kuwa daga shi da'awa take fitowa.

Malam Isiyaku:
Rukayya, bayan mako biyu a kan rubutu ɗaya ɗaya, a koma haɗa biyu da suka yi magana a kan abu guda. Babu abin da ke fitar da ɗalibi daga "littafi ya ce" kamar ya ga littafi biyu sun saɓa.

Ga haɗin da ya fi sauƙin farawa: daular Mali a ƙarni na 14. Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a hanyarsa ta hajji a 1324. Masanin tarihi Al-Umari ya rubuta labarin, amma bai gan shi ba. Ya zo Alƙahira bayan kimanin shekara 12, ya tambayi waɗanda suka yi hulɗa da sarkin, ciki har da jami'in da aka ɗora wa karɓar sa. Shi ya kawo cewa, saboda yawan zinariyar da ayarin sarkin ya kashe a Masar, misƙalin zinariya da ba ya sauka ƙasa da dirhami 25 ya koma 22 ko ƙasa da haka. Ibn Battuta kuwa ya je Mali da ƙafarsa a 1352 zuwa 1353, zamanin Mansa Sulaiman. Ya yabi tsaron hanyoyi da riƙon salla, ya kuma yi ƙorafi sosai a kan ƙanƙantar kyautar da sarki ya aiko masa.

Tambayar da za a ba ɗalibi: wanne ya fi cancanta a dogara da shi, kuma a kan wane batu? Kusan kowa zai ce gani ya kori ji, Ibn Battuta ya ci. Sai a nuna masa cewa mai ganin baƙo ne da ke auna sarakuna da abin da suka ba shi, cewa labarin shifta ya yi wa Ibn Juzayy bayan ya koma Maroko, kuma an gano a wasu sassan littafin, kamar bayanin Makka da Dimashƙ, an ɗebo daga matafiyin da ya riga shi, Ibn Jubair. Al-Umari kuma mai ji ne, amma yana faɗin daga wa ya ji. Maƙala mai kyau a nan ba za ta zaɓi gwani ba. Za ta ce a kan farashin zinariya a Masar wane ya fi, a kan zaman fada wane ya fi, ga dalili.

Idan ya iya wannan, a ba shi mai wuya: mutuwar Moctezuma, sarkin Aztek, a 1520. Majiyoyin Sifaniyawa sun ce jama'arsa ne suka jefe shi. Wasu majiyoyin mutanen ƙasar sun ɗora wa Sifaniyawa. Cortés, jagoran Sifaniyawan, yana rubuta wa sarkinsu Charles na Biyar wasiƙu ne a lokacin da yake buƙatar wanke kansa, don ya fita yaƙin ba da yardar gwamnan Kuba ba. Bayanan 'yan ƙasar kuma an tattara su ne shekaru da dama bayan faɗuwar Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521, ƙarƙashin kulawar limamin Kirista Sahagún. Babu majiyar da ta fito fes, kuma dole ɗalibi ya rubuta wani abu duk da haka.

Kuskuren da za a yi tsammani: shafi biyu a kan na farko, shafi biyu a kan na biyu, sai jimla ɗaya ta kwatanci a ƙarshe. Maganinsa a tsara maƙalar bisa batutuwa, kowane sakin layi ya ƙunshi majiyoyin biyu.

Rukayya:
Na gode, Malam. Amma tambaya ta huɗu da Malam Habibu ya kawo, "me ya yi shiru a kai", ta yaya mutum zai ga abin da ba a rubuta ba?

Malam Habibu:
Da misali za ki fi gane ta. Ashoka, sarkin Indiya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya sa an sassaƙa sanarwarsa a duwatsu. A ta 13 ya ce shekara takwas bayan naɗinsa ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi, an kwashe mutum 150,000, an kashe 100,000, kuma ya yi nadama. Ɗalibi zai karanta ya rubuta "sarki ya tuba ya bar zalunci". Sai ki tambaye shi: ya ce ya mayar da waɗanda aka kwashe? Ya ce ya saki Kalinga? Bai ce ba. A cikin sanarwar ma ya gargaɗi mutanen daji cewa duk da nadamarsa yana da ƙarfin hukunta su. Kuma a duwatsun da ke cikin Kalinga kanta, a Dhauli da Jaugada, ba a sassaƙa wannan sanarwa ba, wasu aka sa a madadinta. Hanyar ita ce ki lissafa abin da mai irin wannan magana ya kamata ya ambata, sannan ki duba wanne babu. A rubutu kuma a tsaya a "bai ambata ba". Kada a tsallaka zuwa "ya ɓoye", sai da wata hujja.

Malama Bilkisu:
Ni a kan alƙaluma zan yi magana, tunda 100,000 ta fito. Duk adadin da aka gani a tsohon rubutu, a tsaya a auna shi. Darasin da ya fi kyau a kan haka yana shafukan farko na Muƙaddimar Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377. Ya ɗauko ruwayar masanin tarihi Mas'udi da wasu cewa mayaƙan Bani Isra'ila a sahara sun kai 600,000, ya auna ta. Ya ce Farisa, da girman daularta, abin da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 ne. Ya ce runduna mai yawan can idan ta yi sahu za ta wuce inda ido ke kaiwa, gefe ɗaya ba zai san abin da ɗayan ke ciki ba. Ya kuma ƙirga tsatso tsakanin Annabi Yakubu da Annabi Musa, alaihimas salam, ya ce ba su isa a hayayyafa haka ba. Hujja uku, kowacce daga kusurwarta. Ɗalibi ya zana tsarin wannan shafi, don samfurin maƙala ne cikakke.

Aikin da zai biyo baya: ya ɗauki ma'aunin nan ya gwada a kan Herodotus, masanin tarihin Girka, wanda ya ce sojan ƙasa na Xerxes, sarkin Farisa, da ya nufi Girka a 480 kafin Miladiyya 1,700,000 ne. Herodotus ya ma faɗi yadda aka ƙirga: an matse mutum 10,000 a wuri ɗaya, an zagaye su da katanga, sannan aka riƙa cika wurin ana fitarwa. Ɗalibi ya lissafa: idan kowane soja zai ci kilo ɗaya na hatsi a rana, tan 1,700 ke nan kullum, ban da ruwa, ban da dabbobi. Ya rubuta kalma 500 a kan ko adadin zai yiwu.

Inda ake zamewa: da ɗalibi ya kama marubuci da zuzuta adadi sai ya ce duk littafin ƙanzon kurege ne. A'a. Herodotus da kansa ya ce aikinsa ya faɗi abin da aka faɗa masa, ba dole ne ya gaskata duka ba. Kuskure a adadi bai soke bayaninsa a kan hanyar da rundunar ta bi ba.

Malam Garba:
Kun ba tarihi haƙƙinsa, amma Rukayya ta ambaci adabi da falsafa, kuma karatunsu daban ne. A tarihi kana tambayar ko maganar gaskiya ce. A adabi kana tambayar yadda aka gina ta da abin da ginin yake sa mai karatu ya ji.

Shawarata wasan kwaikwayon Antigone na Sophocles, na Atina a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Gajere ne, ana gama shi a zama biyu. Sarki Creon ya hana a binne wanda ya kawo wa garinsa yaƙi, 'yar'uwar mamacin ta binne shi. Kusan kowane ɗalibi zai goyi bayan yarinyar. Don haka aikin shi ne ya rubuta kalma 400 yana kare sarkin, da kalmomin sarkin daga cikin wasan, ba tare da ya mai da shi wawa ba. Wanda ya iya gabatar da ra'ayin da bai yarda da shi ba yadda mai ra'ayin zai ce "haka nake nufi", shi ne zai iya rubuta sakin layin martani a kowace maƙala. Sakin layin nan, inda kake kawo hujja mafi ƙarfi da ke adawa da kai ka amsa ta, shi ke raba takarda mai kyau da matsakaiciya.

Abu biyu ake yawan yi ba daidai ba. Na farko sake ba da labarin wasan daga farko. Malamin ya karanta, ba ya buƙata. Jimla biyu sun isa a sa mai karatu a wurin. Na biyu danganta wa marubuci maganar ɗan wasa. Abin da Creon ya ce ba ra'ayin Sophocles ba ne.

Wannan na biyun yana shiga tarihi ma. Masanin tarihin Girka Thucydides ya kawo muhawarar Atinawa da mutanen tsibirin Melos a 416 kafin Miladiyya, inda Atinawa suka ce adalci tsakanin masu ƙarfi ɗaya ake zancensa. Shafi kaɗan ne, kuma babu kamarsa wajen koyon warware hujja mataki mataki: ɗalibi ya sa wa kowace magana lamba, ya nuna wacce take amsa wacce. Amma ya sani tun a farkon littafin Thucydides ya faɗa cewa bai iya riƙe jawabai kalma da kalma ba, ya rubuta abin da ya ga ya dace masu maganar su faɗa, yana bin ma'anar abin da aka ce iyakar iyawarsa.

Nasiru:
A ina za a samu waɗannan duka ba tare da sayen littattafai goma ba?

Malama Bilkisu:
Jami'ar Fordham tana da rumbun tsofaffin rubuce-rubucen tarihi a intanet, Avalon na Jami'ar Yale yana da dokoki da yarjejeniyoyi, Perseus na Jami'ar Tufts yana da na Girka da Rum. Matsalarsu ɗaya: yawancin fassarorin tsofaffi ne, shi ya sa suke kyauta, kuma harshensu na da nauyi. Idan jimla ta gagara, a nemi wata fassarar a ɗakin karatu a haɗa. Kuma a rubuta sunan mai fassara a madogara, don kalmomin da kake ambatowa nasa ne.

Dakta Asma'u:
Tunda an zo kan madogara. Yawancin satar fasaha da ake kama ɗaliban farko da ita ba da gangan ba ce, daga littafin rubutunsu take farawa. Ya kwafi jimla yau ba alama, bayan mako biyu ya gan ta da rubutun hannunsa ya ɗauka tasa ce. Don haka a raba shafi gida biyu. Hagu maganar marubuci, cikin alamar zance, da lambar shafi nan take. Dama abin da kai ka ce a kai. Abin da ke hagu ba ya shiga maƙala sai da alamarsa.

Canza kalma uku a jimlar wani ba fassara ma'ana ba ce, har yanzu tasa ce. A karanta, a rufe, a faɗa da baki kamar ana yi wa ƙani bayani, da harshen da aka fi sakewa da shi ma, sannan a rubuta da harshen karatu. Ko bayan haka sai an ambaci mai ra'ayin. Abin da ba ya buƙatar madogara shi ne sanannen abu da ke kowane littafi, kamar shekarar 1324. Ambato kai tsaye kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na maƙala. Salon rubuta madogara kuwa a tambayi sashe: masu tarihi sun fi amfani da Chicago, masu adabi MLA. Manhajar Zotero kyauta ce, tana tsara su, amma a duba abin da ta fitar, tana ɗaukar kuskuren da ke shafin da aka ciro.

Manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa, a wannan mako 12 a nisance su wajen taƙaitawa da daftarin farko, don su ne ainihin atisayen. Kuma suna iya ƙirƙiro ambato da sunan littafin da babu shi. Duk abin da ba ka gani da idonka a shafinsa ba, kada ya shiga takardarka.

Malam Isiyaku:
Akwai cuta guda da ba a taɓo ba: auna mutanen da da ilimin yau. Annobar da ta shiga Iskandariyya da Sisili a 1347 ta dace da wannan darasi. A haɗa abu uku. Bayanin Ibn al-Wardi, wanda annobar ta kashe a Halab a 1349. Gabatarwar littafin marubucin Italiya Boccaccio a kan annobar a Florence a 1348. Sai dokar ma'aikata ta Ingila ta 1351, wadda ta nemi mayar da lada yadda yake kafin annobar, don ma'aikata sun yi ƙaranci suna neman ƙari. Ɗalibi zai so ya rubuta cewa mutanen jahilai ne da suka zargi gurɓatacciyar iska. Amma ƙwayar cutar sai a 1894 aka gano ta a Hong Kong. Tambayar ita ce: da abin da suke da shi a hannu, me ya sa bayaninsu ya gamsar da su?

Wannan ba ya nufin a wanke kowa. An ƙone Yahudawa a Strasbourg a Fabrairun 1349 bisa zargin zuba guba a rijiyoyi, alhali Fafaroma Clement na Shida ya riga ya fitar da sanarwa a 1348 cewa su ma annobar na kashe su. Ke nan a zamanin ma akwai masu cewa zargin ƙarya ne. Idan za ka hukunta mutanen wani ƙarni, nemo shaida daga cikin ƙarnin.

Rukayya:
Allah ya saka da alheri. Yaya za a raba wannan a mako 12 ba tare da an cushe ba?

Malam Habibu:
Awa ɗaya da rabi a rana, kwana biyar a mako. Mako biyun farko Hammurabi da Ashoka, taƙaitawa da sakin layi ɗaya ɗaya kawai. Na uku da na huɗu Ibn Khaldun da Herodotus, kalma 500. Na biyar Antigone, na shida Melos. Bakwai da takwas Mali, maƙalar kwatanci ta kalma 800. Tara annoba. Ukun ƙarshe maƙala guda ta kalma 1,500. Moctezuma ya jira hutu.

Don babbar maƙalar ina ba da shawarar sanarwar 'yancin ɗan Adam ta Faransa ta Agustan 1789, mai sashe 17, a haɗa da martanin Olympe de Gouges na 1791 da ta sake rubuta sassan ta sa mata a ciki, da tawayen bayi a Saint-Domingue, wato Haiti ta yau lokacin tana hannun Faransa, da ya fara a 1791 ya ƙare da 'yancin Haiti a 1804. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802. Tambayar: su wa sanarwar take nufi, kuma wa ya tilasta a faɗaɗa ta?

Malam Garba:
Mako uku ga maƙala ɗaya daidai ne, muddin na ƙarshen gyara ne zalla. Daftarin farko a rubuta shi cikin kwana biyu ba tare da tsayawa gyaran nahawu ba, a fara daga tsakiya, gabatarwa ta zo ƙarshe. Sau da yawa ainihin da'awar tana ɓoye a sakin layin ƙarshe na daftarin, don sai a nan marubucin ya gano abin da yake son faɗa. A ɗauko ta a kai sama, a sake gini.

A bar takardar kwana biyu. Sannan a yi mata abin da aka yi wa Hammurabi: kalma shida a gefen kowane sakin layi. Wanda ya ƙi taƙaituwa batu biyu ne a ciki, a raba shi. Biyun da suka ba da taƙaitawa iri ɗaya a haɗe su. Wanda bai taɓa da'awar ba a cire shi, ko da ya fi kowanne daɗin karantawa. Gabatarwar da ta fara da "tun farkon duniya ɗan Adam yake" a share ta, a fara da shekara da wuri da matsalar. Sai a karanta da babbar murya: inda numfashi ya ƙare kafin aya, jimlar ta yi tsawo. Nahawu da waƙafi su ne na ƙarshe, don babu amfanin goge jimlar da za a cire.

Dakta Asma'u:
Ƙari ɗaya a kan jadawalin. A samu abokin karatu tun makon farko, ana musayar takarda duk ƙarshen mako. Kada a tambaye shi "ya yi kyau?", zai ce ya yi. A ba shi aiki uku: ya ja layi ƙarƙashin jimlar da yake ganin ita ce da'awa, ya sa alamar tambaya duk inda ya ɓace, ya nuna wuri ɗaya da bai gamsu da hujjar ba. Idan layin da ya ja ba a kan jimlar da marubucin yake nufi ba ne, daga nan gyaran zai fara. Kuma Malam Habibu, mako ɗaya ya yi wa annoba kaɗan, majiya uku ce. A ɗauke Melos a kai ta hutu tare da Moctezuma, a ba annoba mako biyu.

Malam Habibu:
Melos ta zauna, Dakta, shafukanta kaɗan ne kuma ita kaɗai ce ke koyar da warware hujja. A haɗa ta da Antigone a mako na biyar, tunda gari ɗaya ne ƙarni ɗaya, karatun share fage ɗaya zai ishe su. Mali ta dawo shida da bakwai, annoba ta samu takwas da tara.